Shawara ga masu saka rubutun Sinanci da Japananci a shafin intanet

'Yan uwa masu haɗa shafi, idan aka ba ku rubutun Sinanci ko Japananci, kada ku riƙa danna Enter da hannu don layi ya daidaita. Harsunan nan ba sa barin fili tsakanin kalmomi, don haka ana iya karya layi kusan bayan kowane harafi. Amma akwai wuraren da ba a yarda ba, Japanawa na kiran ƙa'idar kinsoku shori, tana kuma cikin ma'auninsu na JIS X 4051.

Aya 。 da waƙafi 、 da bakan rufewa 」 ba sa fara layi, haka bakan buɗewa 「 ba ya zama a ƙarshen layi. Idan an tsananta, har ƙananan haruffa irin っ da ゃ da alamar jan wasali ー ba sa zuwa farko. A Sinanci kuma, ɗige-ɗigen …… da zanen —— kowanne gurbin harafi biyu yake ci, ba a raba shi.

Ku fara sa alamar da ke nuna harshen shafi, wato lang="ja" (Japananci) ko lang="zh-Hans" (Sinanci), a shafin, sannan line-break: strict a CSS, inda ake tsara fasalin shafi, don a tsananta ƙa'idar karya layi. Wanda ya manta da lang, manhajar buɗe shafi ta Chrome na iya zaɓar masa siffar haruffan Sinanci a rubutun Japananci, mai karatu kuwa da gani zai gane. Kanun labari ne suka fi ba da wahala, domin kalma kan tsinke a tsakiya, a nan BudouX na Google, wani ɗan kayan aiki mai hana layi karyewa a tsakiyar kalma, yana taimakawa. Ku kuma duba shafin a ƙaramar waya kafin ku miƙa aiki.