Darasi na Tara: Kyautar Suna Mai Ɗauke da Sunan Jariri

Wannan darasi zai koya mana yadda za mu shirya wa jariri kyautar suna da kuɗi kaɗan, kyautar da za ta zama tasa shi kaɗai saboda sunansa yana jikinta. A karanta shi a hankali, a riƙe alƙalami da littafin rubutu kusa, domin akwai aikin rubutu da na lissafi a ƙarshe.

Duk wanda ya zauna a Legas, a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Mile 12, ya san cewa da wuya wata ya wuce ba a yi suna a layinsu ba, kuma ya san nauyin da zuwa barka da zuwa suna suke ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi, musamman mata, waɗanda al'adar biki ta wajabta musu su mayar wa mai jego abin da ta taɓa kawo musu, sau da yawa har da ƙari. Abin da aka saba kaiwa shi ne sabulu, da garin wanki, da man shafawa, da rigunan jarirai, da turmin atamfa ga mai hali. Waɗannan kaya suna da amfani, babu mai musu, sai dai kafin a yi arba'in sabulun ya ƙare, rigar ta yi wa yaro kaɗan, kuma mai jego ba za ta iya tuna wadda ta kawo wannan da wadda ta kawo wancan ba, tunda duk iri ɗaya ne. Zanen goyo kuwa da aka ɗinka sunan yaro a bakinsa, ko da atamfar mai araha ce, za a ajiye shi a ƙasan akwati har yaron ya girma a nuna masa. Wanda ya koyi rubutu ya riga ya mallaki mafi tsadar abin da wannan aiki yake bukata.

Matsalar lokaci

Kafin a sayi komai, akwai abin da ya kamata a fara warwarewa. A wurinmu ana yin suna ne idan ranar da aka haihu ta zagayo, wato wanda aka haifa ran Talata, ran Talata mai zuwa za a raɗa masa suna, kuma yawancin iyaye maza ba sa bayyana sunan sai da safiyar ranar, bayan an taru an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, an yanka rago. To, ta yaya za a rubuta sunan da ba a sani ba tukuna?

Hanya mafi sauƙi ita ce a shirya komai a bar gurbin sunan kawai. Ana raɗa suna da safe, taron mata kuwa sai rana ta yi ko da yamma yake cika, saboda haka mai saurin hannu tana da awoyin da za ta ɗinka haruffa biyar ko shida kafin ta yi wanka ta tafi. Wanda bai samu wannan dama ba, babu laifi ya je suna da ɗan abin hannunsa, ya kawo kyautar mai suna daga baya, domin mai jego tana nan a ɗaki har kwana arba'in, kuma kyautar da ta zo bayan hayaniya ta lafa ta fi samun wanda zai dube ta.

Akwai kuma sunan rana, wanda ba sai an jira liman ba. Yarinyar da aka haifa ran Lahadi Ladi ce, ta Talata Talatu, ta Laraba Laraba ko Balaraba, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Maza kuma akwai Ɗanladi, da Balarabe, da Ɗanlami, da Ɗanjuma, da Ɗan'asabe. Idan tagwaye ne an huta da tambaya, domin kusan kowa ya san Hassan da Husaini ne, ko Hassana da Husaina. Amma a tambayi dangi tukuna, saboda wasu gidajen sun bar kiran yara da sunan rana.

Wane suna za a rubuta?

Nan ne ake bukatar lura sosai. Idan an sa wa yaro sunan kakansa, uwa da uba ba za su riƙa kiran sunan ba saboda kunya, sai su koma ga Abba, ko Baba, ko Ummi, ko Mama, ko wani laƙabi da gida ya zaɓa. Haka nan a gidaje da yawa uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. A irin wannan hali ya fi dacewa a rubuta laƙabin a kan kayan da za a riƙa amfani da su kullum, a bar cikakken suna ga abin da za a adana, kamar littafi ko allo.

Sannan sunaye irin su Abdullahi, da Abdurrahman, da Abdul'aziz suna ɗauke da sunan Allah a cikinsu. Tawul da zanen goyo da shimfiɗar jariri abubuwa ne da fitsari da kashi za su taɓa, a jiƙa su a baho, a shanya su a tsakar gida, don haka bai kamata a sa irin waɗannan sunaye a jikinsu ba, balle ayar Alƙur'ani. A yi amfani da laƙabi, ko harafin farko na sunan kawai.

Zanen goyo da majanyi

A ganina babu kyautar da ta kai wannan, domin uwa za ta yi amfani da ita kowace rana har a yaye yaro. Turmin atamfa yadi shida ne, zanen goyo kuma yadi biyu ya ishe shi, ke nan turmi ɗaya zai fitar da zane uku, kuma mata uku za su iya haɗa kuɗi su saya su raba, kowacce ta ajiye nata har ranar da suna ya taso. Kasuwar Balogun da ke cikin tsibirin Legas ita ce cibiyar atamfa, ana samu kuma a Oshodi da cikin kasuwar Agege. Wanda yake zaune a Agege ko Mile 12 ya yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin da cunkoson hanya zai cinye, kafin ya yanke shawarar zuwa Balogun saboda zane ɗaya. Ragin da zai samu can sau da yawa bai kai abin da danfo, wato motar haya, zai karɓa ba.

A zaɓi atamfa ta auduga mai laushi wadda ba ta zuba, domin zafin Legas da gumi yake tafiya, kuma yadin roba yana jawo wa jariri ƙuraje. A wanke zanen kafin a fara aiki, sitacin jikinsa ya fita. Daga nan a shimfiɗa shi, a rubuta sunan da allin tela a gefen bakin zane da manyan baƙaƙe, tsayin kowane harafi kamar faɗin yatsu biyu, a sake karanta shi harafi bayan harafi kafin allura ta taɓa shi, tunda alli yana gogewa da ruwa, ɗinki kuwa sai an farke. A bi layin allin da ɗinkin sarƙa, da zaren surfani mai launin da zai fito a kan atamfar. Ana gwada zare ta hanyar jiƙa ɗan guntunsa a ruwan sabulu a matse shi a cikin farin ƙyalle. Idan ya bar launi, a canza wani. A tabbata ɗinkin yana gefen da ba ya gogar fatar yaro, kuma kada a ƙara masa duwatsu ko maɓalli don ado, domin yaro yana iya tsinke su ya kai baki. Majanyi ma haka ake yi masa, kuma ya fi zane saurin gamawa. Wadda ta iya kwarashi tana iya saƙa hula da safa, ta sa harafin farko na sunan a gaban hular.

Idan za a kai wa masu buga rubutu

Unguwar Shomolu ta yi suna wajen ɗab'i, ana samun masu wannan sana'a a Mushin ma, kuma kusan kowace unguwa tana da mai keken surfani ko mai buga sitika. Za su iya sa suna a jikin tawul, ko kofi, ko bokitin wanka, ko filas ɗin ruwan zafi. Aikin guda ɗaya yana tsada, amma sitika mai yawa a takarda ɗaya tana da araha, sai a yanka a manna wa kayan yaro daban-daban. A manna ta a bayan kofi, kada fenti ko gam ya shiga inda ruwa ko abinci yake zama.

Abin kiyayewa shi ne yawancin masu wannan aiki a Legas ba Hausawa ba ne, kuma suna rubuta sunayen Musulunci yadda aka saba a yankinsu. Idan aka faɗa musu da baki, A'isha za ta dawo Aishat, Amina ta dawo Aminat, Hadiza ta dawo Kadijat. Haka kuma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba kowace kwamfuta aka shirya musu ba, sai Ɗanjuma ya fito ba lanƙwasa. Saboda haka a rubuta sunan a takarda da hannu, a miƙa wa mai aiki, a ce ya nuna a fuskar kwamfuta kafin ya buga, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an karanta abin da ya fito.

Jakar takardun yaro da littafinsa

Wannan ita ce mafi arha a cikin duka, kuma iyaye za su gode wa wanda ya kawo ta shekaru masu yawa. A asibiti ana ba uwa katin rigakafi, wanda za ta riƙa komawa da shi idan yaro ya cika sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, sannan akwai takardar haihuwa da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa, wadda za a nema ranar sa yaro a makaranta. Damina a Legas doguwa ce, ɗakuna da yawa suna yoyo, wasu unguwannin kuma ruwa yana shiga har cikin gida, shi ya sa takarda ba ta daɗewa idan ba a killace ta ba. A sayi jakar roba mai zif ko mai maɓalli wajen masu kayan makaranta, a rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa da alƙalamin da ba ya gogewa, a sa ƙaramin littafi a ciki. A shafin farko na littafin a rubuta cikakken suna, da sunan uba da na uwa, da ranar haihuwa ta boko da ta Hijira, da garin da iyaye suka fito a Arewa, domin yaron da ya tashi a Legas yana bukatar ya san asalinsa a rubuce. Sauran shafukan uwa za ta iya rubuta waɗanda suka kawo mata biki da abin da kowacce ta kawo, don ta san abin da za ta mayar.

Maza kuma suna da nasu. Ƙaramin allo, wanda ake samu wajen masu sayar da littattafan addini a bakin masallatai, ana iya rubuta sunan yaro da ajami a wuyansa, a ajiye masa har ya isa shiga makaranta. Kafinta kuma zai iya haɗa asusun katako da guntayen da suka rage masa, a rubuta suna a jiki, mai kyauta ya fara jefa abin da ya sawwaƙa a ciki.

Kada a manta da mai jego. Kwalbar dakakken yaji da aka rubuta sunanta a jiki, ko ƙullin kayan kunun kanwa, ko turaren wuta, duk ana samun kayan haɗinsu wajen 'yan uwanmu a kasuwar Mile 12 da Agege. Abubuwan da za a guje wa su ne zuma, domin likitoci sun hana ba yaron da bai shekara ba, da kwallin da ba a san asalinsa ba, saboda wani yana ɗauke da dalma mai cutarwa, da duk abin da za a rataya wa jariri a wuya. Bulumboti ma ba kyautar suna ba ce, tunda shawarar ma'aikatan lafiya ita ce nonon uwa zalla har wata 6.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta sunaye biyar na yaran gidansu da manyan baƙaƙe, ya ba na kusa da shi ya duba masa. Bayan haka ya rubuta sunan rana na mace da na namiji ga wanda aka haifa ran Alhamis da ran Juma'a.

Kuɗin da ke cikin wannan lissafi na gwaji ne kawai. Mata uku sun haɗa kuɗi sun sayi turmin atamfa a kan naira 9,000, da zare da allura na naira 600, suka biya wa wadda ta je kasuwa kuɗin mota naira 1,200. Nawa suka kashe gaba ɗaya, kuma nawa kowacce za ta bayar? Idan a kasuwar unguwarsu ana sayar da turmin naira 9,800 kuma ba sai an hau mota ba, wace kasuwa ce ta fi musu sauƙi, kuma da nawa?

A darasi mai zuwa kowa ya zo da guntun ƙyalle, da allura, da zare, da allin tela, za mu gwada ɗinka haruffa uku na farko na sunansa.