Kurakuran da Masu Sayen Akwatin DVD na Fim Mai Dogon Zango Suka Fi Yi

Shekarun baya na roƙi wani ɗan'uwana da ke karatu a Amurka ya sayo mini cikakken akwatin wani fim mai dogon zango da na daɗe ina kwaɗayi. Wata huɗu ina jira kafin a samu mai dawowa gida ya riƙo mini shi. Daren da ya iso na yage ledar, na tara yara a falo, na zura faifan farko a na'ura. Ta yi ɗan gurnani, allo ya yi shuɗi, sai ga wani gajeren rubutun Turanci wai faifan ba na yankinmu ba ne. Na ciro shi, na hura, na goge da gefen riga, na mayar. Haka dai. Faifai sama da 40, kowanne lafiyarsa ƙalau, amma ko ɗaya bai buɗe ba. Yara suka sulale ɗaya bayan ɗaya suka bar ni da rimot a hannu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kamfanonin fim sun raba duniya gida shida wajen DVD. Amurka da Kanada yanki na 1 ne. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu na 2 ne. Najeriya da Nijar da Gana da mafi yawan Afirka muna yanki na 5, tare da Indiya da Rasha. Lambar tana bayan kwali, can ƙasa, cikin wani ɗan zanen duniya da bai kai girman farce ba. In ka ga 0 ko ALL, faifan zai buɗe a ko'ina. Shi kuma Blu-ray, faifan da ya fi DVD kyan hoto, rabonsa daban ne, da haruffa: A, B da C, mu muna B tare da Turai.

Abin dariyar shi ne na'urar mai tsada ita ta fi taurin kai a wannan fannin. 'Yan ƙananan na'urorin Chana da ake sayarwa a kasuwanninmu, yawancinsu ba ruwansu da yanki, abin da ka ba su shi suke ci. Tawa mai babban suna ce, shi ya sa ta ƙi. Da na ɗauki faifan na kai gidan maƙwabcina mai 'yar araha, nan take ya tashi. Don haka kafin ka yi oda daga waje, ari faifan waje ko ɗaya ne ka gwada na'urarka. In kuma a kwamfuta za ka kalla, kada ka riƙa danna amincewa duk lokacin da ta tambaye ka ko a sauya yanki. Sau biyar kawai ake yarda a sauya, daga nan ta kulle a kan na ƙarshe. Akwai kuma batun tsarin hoton talabijin, NTSC na Amurka da PAL da muke amfani da shi. Talabijin na zamani yana karɓar duka biyun, tsohon mai ƙusumbi ne kan nuna hoton ba launi ko yana birgima.

Kuskuren da ya fi wannan ciwo shi ne yarda da kalmar Complete, wato cikakke, da aka rangaɗa a goshin kwali. Kalmar gaskiya take faɗa, amma gaskiyar ranar da aka buga kwalin. Ɗauki fim ɗin nan mai suna 24, wanda kusan duk wanda ya yi zaman gidan kallo ya san shi. Zango takwas aka yi daga 2001 zuwa 2010, kashi 192, aka fitar da akwatin da aka kira cikakke. A 2014 aka dawo da shi aka ƙara kashi 12. Tsohon akwatin na nan yana yawo a kasuwa, har yau sunansa cikakke. Prison Break ma haka: an rufe shi a 2009 bayan zango huɗu, a 2017 aka ƙaro zango na biyar mai kashi tara. Wanda ya sayi bugun da ya riga 2017, zango guda ya tsere masa bai sani ba.

Maganin ba wuya. Nemo adadin zango da adadin kashi na fim ɗin a intanet, ka rubuta a takarda, sannan ka kwatanta da abin da ke bayan kwali da shekarar bugu. Ka kuma lura cewa ƙidayar kan bambanta. Ertugrul kashi 150 ne a yadda gidan talabijin na TRT ya nuna shi a Turkiyya, kowanne wajen awa biyu, amma da aka yayyanka shi don masu kallon waje ya koma 448. Mai kaya zai iya ce maka nasa kashi 150 ne cif, alhali daga cikin gajerun ya ƙirga, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na labarin ke nan.

Wani lokacin ma giɓin ba laifin mai sayarwa ba ne, kayan ne babu su a duniya. BBC ta goge kasakasan shirye-shiryenta masu yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake naɗar wasu a kai, kuma shirin Doctor Who, wanda aka fara a 1963, ya yi asarar kashi sama da 100 ta wannan hanya. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tsinci kashi tara daga cikin ɓatattun a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, inda suka kwashe shekaru a kan kanta. Da su adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Inda ba a samu ba, akwatunan kan cike gurbin da hotuna marasa motsi haɗe da sauti, ko da zanen katun. Duk wanda ya yi maka tallan tsohon zubin wannan fim wai babu abin da ya ɓace, ka san da wa kake magana.

Sai jabu. Mu da muka tashi da faifan nan na kan baro, mai fim 20 a faifai ɗaya, ya kamata a ce mun fi kowa gane shi, amma yanzu 'yan satar fasaha sun iya kwali. Suna buga akwati mai sheƙi, su naɗe da leda, su saka a shagunan intanet a rabin kuɗi. Lissafi ne ke tona su. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu 8.5. Kamfani kan zuba kashi uku ko huɗu na minti arba'in da 'yan kai a faifai guda. Ke nan fim mai kashi 192 yana bukatar faifai wajen 48. In ka ga an dunƙule shi a faifai takwas, an matse awa 17 a kowanne, kuma za ka gani da idonka ranar da aka zo wurin da aka ɗauka da dare: fuskoki su narke su zama akwati-akwati. Juya faifan kuma ka duba cikinsa. Na kamfani fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi zagaye da ramin tsakiya. Wanda aka ƙona a kwamfuta launin shunayya yake bayarwa. Sai dai a nan a yi hattara, ba kowane mai shunayya ne na sata ba. Tun 2009 kamfanin fim na Warner ke da sashen da ke ƙona tsofaffin fina-finai sai an yi oda, kuma halastattu ne; bambancin shi ne su suna faɗa maka tun a wurin talla.

Batun ƙarancin kaya kuwa gaskiya ne, ba zan ce ƙarya ba ne. Kasuwar faifai tana tsukewa a ƙasashen waje kamar yadda ta mutu a nan, inda masu tura fim a waya suka gaje wurin 'yan sidi. Netflix ta rufe sashenta na aika DVD ta gidan waya a Satumban 2023. Disney ta daina fitar da faifai a Ostireliya a wannan shekarar. Shagunan Best Buy na Amurka sun kwashe DVD daga kantocinsu a farkon 2024. Akwati yanzu sau da yawa bugu ɗaya ake masa, in ya ƙare ko izinin kamfanin ya ƙare, sai dai gwanjo. Wasu fina-finan da aka yi don kallo ta intanet ba a taɓa sa su a faifai ba sam, don haka akwatinsu da ka gani ana talla, wani ne ya naɗa a ɗakinsa.

Daga nan mutane ke rabuwa biyu, kowanne da kuskurensa. Akwai mai sayen zango ɗaɗɗaya yana cewa sauran sai ya samu sarari, sai ya wayi gari zango na huɗu ya ɓace daga kasuwa, ko kuma kamfanin ya tsaya a na biyu saboda bai yi ciniki ba. Akwai kuma wanda da ya ga an rubuta saura ɗaya sai hankalinsa ya tashi, ya biya ninki uku. Ni na fi tausayin na farkon. Na biyun da ya ɗan yi haƙuri ya duba bugun wata ƙasa, sau da yawa abin da ya ƙare a Amurka yana nan jibge a Ingila ko Jamus, kuma akan sake buga shahararrun fina-finai a kwali mai rahusa. In za ka sayi na Jamus ko Faransa, tabbatar akwai sautin asali da rubutun fassara na harshen da kake ji. Masu son fina-finan Koriya da Turkiyya su suka fi shan wannan, akwati ya iso fes amma ba kalma ɗaya da za su gane. Waƙoƙi ma kan canza, domin izinin sa waƙa a talabijin daban yake da na sa ta a faifai. Shi ya riƙe The Wonder Years, wanda aka gama a 1993, bai fito a DVD ba sai 2014.

Kuskure na ƙarshe na bayan saye ne: ajiye akwati a ledarsa ana jiran ranar hutu. Yawancin manyan shagunan intanet kwana 30 suke bayarwa a mayar da kaya. In ɗan'uwa ne zai karɓa maka a waje, ka ce masa ya buɗe ranar da ya iso, ya ƙirga faya-fayan, ya duba ko an maimaita wani an bar wani, domin hakan na faruwa a manyan akwatuna. Sabo a leda ma ba tabbas ba ne. A Maris na 2025 Warner Bros. ta amsa cewa wasu DVD da ta fitar tsakanin 2006 da 2008 suna ruɓewa tun daga ciki, fim ya yi rabi ya tsaya cak, ko da ba a taɓa kallonsa ba. Duk tsohon akwatin wancan lokacin, gwada faifan har ƙarshe, ba minti biyar na farko ba.

In ya iso gida, fitar da faya-fayan daga aljihun kwali mai tauri, shi ke karce su duk shiga da fita, ka mayar da su gidan roba. Ka jera su a tsaye, nesa da taga da zafin rufin kwano, kada ka bar su cikin mota a watan Afrilu. Ƙurar hunturu kuma a goge ta da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba, kuma ba da gefen riga ba kamar yadda na yi a daren nan.