Idan sarƙar injin yankan katako tana juyawa a silo

Salam 'yan uwa masu aiki da injin yankan katako. In ka ga sarƙa na juyawa alhali inji na silo ba ka taɓa totur ba, don Allah ka kashe shi nan take, wannan abin yana sare ƙafar mutum. Fara rage silo ta sukurun da aka rubuta T ko LA a kabireta, in bata tsaya ba to matsalar kulochi ce, yawanci sifirin ya tsinke ko ya saki, wani lokacin kuma ƙaramin boris ɗin da ke cikin dirom (kwanon ƙarfen da ke rufe kulochi yana juya sarƙa) ne ya bushe ya kama.

Wajen kwance kulochin ne mutane ke yin ɓarna. Saki birkin sarƙa kafin ka cire murfin da ke rufe kulochi. Ka cire filogi, ka tura igiya mai tsabta ta ramin filogin don ta tare fistin, amma ka bari fistin ya ɗan hau sama tukuna kar igiyar ta shige ramin hayaƙi. Sannan ka tuna tiredin kulochi na hagu ne, ta dama ake kwance shi, duk wanda ya ɗaura ƙarfi ta hagu ƙara ɗaure shi yake yi.

In kuma inji na ihu sarƙa na tsayawa cikin itace, duba ko mai ya shiga dirom ko takalman kulochi (ƙarafan da ke buɗewa su kama dirom) sun cinye. Dirom ɗin da ya koma shuɗi ya sha zafi, ni dai canza shi nake yi. Sifirin a canza duka tare, boris a shafa masa giris kaɗan kawai.