Ku faɗaɗa eriya, kada ku tsawaita ta

'Yan uwa masu haɗa eriyar rauta (na'urar da ke raba intanet) a Gusau da ƙauyukan kewaye, ku daina yanka siririyar waya. Ku yanki faranti biyu na jan ƙarfe masu kusurwa uku, tsininsu na fuskantar juna, da tazarar milimita 2 zuwa 3.

Siririyar waya zangon mitar sigina ɗaya (ana auna shi da MHz) take kamawa da kyau. Faɗin farantin ne ke sa eriya ɗaya ta ɗauki 1800 har zuwa 2600 MHz.

Ku auna da zango mafi ƙasa. Ga 1800, kowane faranti ya kai kusan santimita 4. Ku liƙa wayar tsakiyar kebul a faranti ɗaya, ragar wayar da ta kewaye ta a ɗayan. Ku sa farantin alminiyam a baya, nisan santimita 4, sigina zai taru gaba.

Inda ake asara shi ne kebul. Mita 5 na kebul samfurin RG58 na cinye fiye da rabin sigina a wannan zango, don haka ku matso da rauta kusa. Kebul ɗin talabijin bai dace ba: om 75 ne (ma'aunin turjiyar lantarki), rauta kuwa 50 take so.

In hasumiyar yankinku 800 MHz take bayarwa, wannan girman ba zai yi ba, sai kowane faranti ya kai santimita 9. Don Allah ku toshe mahaɗar kebul da faranti kafin damina, ruwa na shiga kebul.