Yadda Ake Haɗa Waƙa da Kiɗan Ganguna a Salon Jump Blues, Bisa Tafarkin Roy Milton

Duk wanda ya taɓa zama a bayan jerin gangunan zamani ya san cewa hannaye biyu da ƙafafu biyu kowanne da aikinsa, don haka ƙara waƙa a kai tamkar ɗora kaya na biyar ne a kan mutum guda. Roy Milton, wanda aka haifa a garin Wynnewood na jihar Oklahoma ta Amurka a 1907, ya ɗauki wannan kaya shekaru masu yawa. Ya fara da ƙungiyar Ernie Fields a Tulsa, ya koma Los Angeles a 1933 ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Solid Senders, kuma bai rabu da sana'ar ba sai kusan rasuwarsa a 1983. Mai son koyon wannan fanni zai amfana ƙwarai idan ya bi hanyarsa.

Abin da za a fara da shi shi ne takun kiɗan, kuma kada a buɗe baki da waƙa sai ya zauna daram. Salon jump blues, wanda ya bunƙasa a shekarun 1940 lokacin da manyan ƙungiyoyin jaz suka yi tsadar riƙewa aka koma ƙanana, yana tafiya ne a kan bugu huɗu-huɗu, amma kowane bugu ana raba shi gida uku, a kaɗa na farko da na uku, a bar na tsakiya fanko. Wannan gurbin shi ne ke ba kiɗan tsallensa. Hannun dama yana riƙe wannan taku a kan farantin tagulla, ƙafar dama tana taɓa babbar ganga a hankali a kowane bugu, hannun hagu kuma yana sauka a kan ƙaramar ganga mai amo a bugu na biyu da na huɗu. Mai koyo ya maimaita wannan a sannu, minti goma sha biyar ko ashirin kowace rana, har ya kai matsayin da zai iya hira da wani ba tare da takun ya karkace ba. Idan amsa gaisuwa kaɗai tana sa hannunsa ya rikice, to, lokacin waƙa bai yi ba tukuna.

Daga nan sai a shigo da murya, amma ba da kalmomi ba. A fara da ƙirga bugun da baki, sannan a riƙa gunguni da karin waƙar, sannan a karanta baitocin kamar magana, daga ƙarshe a rera su. A nan ne mafi yawan masu koyo ke gaza haƙuri, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake, domin murya tana son jan kalma ko jinkirta ta, hannu kuwa yana son bin muryar duk inda ta nufa. Dabarar da ta fi amfani ita ce mutum ya rubuta baitin, ya sa alama a kan gaɓoɓin kalmar da suka faɗo daidai da bugun ƙaramar ganga, ya riƙe su a matsayin turaku, sauran gaɓoɓin kuma ya bar su su yi yawo a tsakani.

Tsarin waƙar kansa yana taimakawa. Blues, wato salon waƙar baƙaƙen fata na Amurka da jump blues ya samo asali daga gare shi, yana da gida goma sha biyu masu bugu huɗu kowanne, an kasa su layi uku, kuma mawaƙi yakan cika kusan rabin farko na kowane layi ne kawai, ya bar sauran ga masu busa su amsa masa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi. Saboda haka ƙa'idar a bayyane take: lokacin da baki ke aiki, hannu ya tsaya a kan taku tsantsa, ado da jujjuya sanda kuwa a ajiye su sai a gurbin da murya ta yi shiru, wanda kuma shi ne wurin jan numfashi. Wanda ya saurari "R.M. Blues", faifan da Milton ya ɗauka a ƙarshen 1945 a ƙarƙashin Art Rupe, mai kamfanin buga faifai, wanda ya kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na Amurka a 1946, zai ji yadda kiɗansa ba ya gasa da muryarsa ko kaɗan.

Zama ma yana da muhimmanci. A daidaita kujera yadda cinyoyi za su ɗan gangaro ƙasa, baya ya miƙe, domin wanda ya rusuna a kan ganga ya matse cikinsa, numfashinsa kuma zai gajarce. Makirufo ya zo daga gefe a kan doguwar sanda, kusa da baki, don kada ya tare hannu ko ya kwashi amon farantin tagulla.

Sannan a zaɓi abokan aiki da kyau. Milton ya daɗe tare da Camille Howard, gwanar fiyano wadda hannunta na hagu ke riƙe da takun kiɗan da ƙarfi, kuma wannan ya rage masa nauyi a duk lokacin da yake waƙa. Makaɗin da ke waƙa yana bukatar mai fiyano ko mai jita mai kaurin murya da ba ya gudu kuma ba ya ja baya, kuma ya kamata a yi yarjejeniya tun wurin gwaji a kan alamar kai ko ta sanda da za ta nuna shiga da tsayawa, tunda jagoran yana zaune ne a baya.

Batun daɗewa a sana'a kuwa, tarihin Milton ya nuna cewa kasuwa tana juyawa. Ya sami waƙoƙi goma sha tara da suka shiga sahun goman farko na jerin waƙoƙin baƙaƙen fata a ƙarƙashin Specialty, kamfanin faifai na Art Rupe, amma da kiɗan rock and roll ya mamaye kasuwa a tsakiyar shekarun 1950, faifansa suka daina sayuwa kamar da. Ya ci gaba da yawon wasa, har ya hau dandalin bikin jaz na Monterey a 1970 tare da Johnny Otis, wanda shi ma makaɗin ganguna ne kuma jagoran ƙungiya. Mai son bin wannan hanya ya kiyaye kunnuwansa da abin toshewa tun yana matashi, ya ɗumama muryarsa kafin kowane wasa, ya zaɓi karin da bai fi ƙarfin maƙogwaronsa ba, kuma ya koyi kaɗawa a hankali da burushi mai siraran wayoyin ƙarfe maimakon sanda, domin ƙananan zaurukan jaz sun fi neman wanda zai iya rage amo ba tare da takunsa ya mutu ba.