Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Lissafin Rashin Daidaito da Ke Zuwa Cikin Labari

Ɗalibin da zai warware 3x + 2 < 14 cikin minti ɗaya, shi ne dai zai yi tsuru-tsuru idan aka naɗe wannan lissafin a cikin labarin cefane. Aljabarar tana hannunsa. Abin da ke gagararsa shi ne gane inda labarin ya kafa iyaka, don haka daga nan ya kamata darasin ya tashi.

Da farko, Malam, ajiye allin. Ba su labari da Hausa: Inna ta aiki Binta Kasuwar Barci da naira 5,000. Kuɗin keke zuwa da dawowa naira 800, sandar sabulu kuma a ce naira 1,500. Sanda nawa za ta iya saya? Ka bar su su yi ta cinka. Wani zai ce uku, sai ku lissafa tare: 4,500 da 800 ya kama 5,300, kuɗin bai kai ba. Biyu ta yi. Ɗaya ma ta yi. Kada ka yi gaggawar wucewa daga nan, domin yaran sun saba da cewa kowane lissafi amsa ɗaya gare shi, yau kuwa ga tambaya mai karɓar amsa fiye da ɗaya muddin ba a tsallake iyaka ba.

Sannan ka ɗora su kan tambayoyi uku da za su riƙa yi wa kowane labari: me ake nema, ina iyakar, kuma ita iyakar kanta tana cikin amsa ko a'a? Ta ukun ce mai kayar da yara. Misalin da ba ya bukatar dogon bayani shi ne shekarun zaɓe. A Najeriya sai mai shekara 18 zuwa sama yake yin rajistar katin zaɓe. Tambaye su, wanda ya cika 18 cif fa? Za su ce yana ciki. To wannan shi ne x ≥ 18, kuma a layin lambobi sai a cike da'irar da ke kan 18. Da an ce sai wanda ya haura 18, da ya zama x > 18, da'irar kuma a bar ta fanko.

Tunda jarrabawoyin BECE da WAEC da NECO da Turanci suke zuwa, a wannan gaɓar za ka kawo kalmomin da ake amfani da su. Biyu ne masu ruɗi. Yaro ya ga "at least" sai kalmar ƙarshe ta ja shi zuwa alamar kasawa, alhali ma'anarta aƙalla, wato ≥. Haka "at most" ke jansa zuwa alamar fifiko, alhali nufinta kada ya wuce, wato ≤. Ni dai ban ga amfanin sa su haddace jadawalin kalmomi ba. Gara su riƙa faɗin jimlar da Hausa kafin su zaɓi alama.

Yanzu a koma kan allo. Yawan sabulun shi ne x, abin da Binta za ta kashe 1,500x + 800, kuma ba zai wuce 5,000 ba: 1,500x + 800 ≤ 5,000. A cire 800 daga kowane ɓangare, a raba da 1,500, a samu x ≤ 2.8. Wannan ɓangaren sun iya shi tun daga darussan baya, ba sai ka daɗe ba.

Inda za ka daɗe shi ne juyewar alama. Tankin gida yana da lita 500, ana shan lita 40 kullum, maigida kuma ba ya son ruwan ya gaza lita 100. Kwana nawa za a yi? 500 − 40x ≥ 100, wato −40x ≥ −400. Da zarar an raba da −40 sai alamar ta juya, a samu x ≤ 10. Yara kan ɗauki wannan dokar a matsayin son ran malami, sai ka kawo musu zancen bashi. 2 ba ta kai 5 ba, amma wanda ake bi naira 2 ya fi wanda ake bi naira 5 rufin asiri, shi ya sa −2 > −5. Mai tsoron mantuwa kuma ya mayar da 40x ɗaya ɓangaren, ya samu 400 ≥ 40x, ba tare da juya komai ba.

Mataki na gaba shi ne mayar da amsa cikin labarin. Mai son cike lamba zai mayar da 2.8 ta zama 3, Binta kuwa ta dawo gida a ƙafa. Iyakarta sanda 2. Nan take ka biyo da kishiyarsa: ɗalibai 95 za su tafi Zariya daga tashar Kawo da ke Kaduna, kowace mota tana cin mutum 18. 18x ≥ 95 ya ba da x ≥ 5.28 ko kusa da haka, amma mota biyar mutum 90 kawai za ta kwashe, dole sai shida. Ka sa su riƙa gwada lamba ɗaya daga cikin amsar, ɗaya daga wajenta, su ga wacce labarin ya karɓa.

A aji mai cunkoso, raba su benci-benci. Kowane benci ya ƙirƙiro labarinsa, na katin waya ko na buhun masara, ya miƙa wa na bayansa ya warware. Wajen duba aikin, ka ware maki na musamman ga layin farko da suka fitar daga labari, ko da lissafin ya karkace daga baya, domin masu duba takardun WAEC ma suna ba da maki a kan hanyar da aka bi.