Kejin kyanwa ba akurkin kaji ba ne

A unguwarmu ta Ƙofar Marusa, bayan rigimar kwata babu abin da ya kai kyanwa da tantabaru haɗa maƙwabta faɗa. Shi ya sa wasu suka koma kewaye wani lungu na tsakar gida da raga, kyanwa ta sha iska ba tare da ta haura katanga ba. Dabarar ta yi, sai dai yawancin waɗanda na gani akurkin kaji ne aka faɗaɗa.

Ka fara da sama. Kaza a ƙasa take kiwo, ita kuwa kyanwa da hawa take rayuwa. Raga mai tsayin mutum da aka bar samanta a buɗe tsani ce kawai ka kafa mata. A rufe saman ruf, a ɗaure kowace kusurwa da waya, domin duk ƙofar da kanta ya shige, jikinta ma zai bi. Nawa na farko ta gindin indararo muzuruna ya fice, wurin da ko tafin hannu bai kai ba.

Ita kanta ragar, kada rowa ta kai ka ga tsohon gidan sauro ko ragar taga ta roba. Farce ɗaya ya isa ya keta su. Nemi ragar waya mai kauri wadda ba ta tsatsa, idonta kada ya wuce inci 1, musamman in akwai 'ya'ya. A lanƙwashe bakin wayar da aka yanka, don yana tsaga tafin ƙafa. Ƙasan kuma a binne shi ko a kama shi da siminti, saboda kare da ɓera duk suna tono.

Inda aka fi cutar da dabbar shi ne wajen rana. Mutum zai gina keji a cikin hunturu, ya ga wuri ya yi daɗi, ya manta da bazarar Katsina, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Kwano zalla a kan keji tanda ne. Kyanwa ba ta gumi kamar mu. In ka ga ta buɗe baki tana haki, to abin ya yi nisa. Ka zaɓi gefen da inuwa ke sauka da azahar, ko ƙarƙashin bedi in akwai, ka shimfiɗa zana ko asabari a kan kwanon, ka bar ɓangarori biyu iska na ratsawa. Ƙasa ma kada a dabe ta duka, a bar inda za a riƙa yayyafa ruwa ta kwanta. Ruwan sha a kasko ya fi na roba sanyi. Kowa dai ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ranar da ka rufe ƙofar nan, cinta da shanta da inuwarta sun hau wuyanka.

Gara ita ce abokiyar gabar katako. Kafintoci kan ce a shafa baƙin mai, kuma yana korar garar, amma kyanwa na lasar jikinta kullum, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai tafi. In da hali, mai walda ya haɗa maka da ƙarfe, a kafa ƙafafun cikin siminti yadda iskar farkon damina ba za ta kifar da shi ba.

Wasu kuma sai su gama gini su bar cikin fayau. Sa mata katakai biyu ko uku hawa-hawa, da guntun kututture na wasa farce, da akwatin ɓuya don sanyin hunturu. Bahon yashi na bayan gida a ajiye shi nesa da kwanon abinci, a riƙa kwashewa kullum, in ba haka ba uwargida ce za ta fara korar ku, kai da kyanwar.

Ƙofa ta riƙa buɗewa ta ciki, sakatar kuma a ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa.